Yadda Ake Samar da Wutar Lantarki Daga Ruwa Mai Gudu, Tun Daga Awon Rafi Har Zuwa Kunna Ƙwai

Ruwan da ya shiga injinan tashar Kainji yakan fito ta ƙasan madatsar ba tare da ya ragu da ko moɗa guda ba. Yakan ci gaba da tafiyarsa a kogin Neja, wanda Hausawa da yawa suka fi sani da Kwara, ya yi kimanin kilomita 100 ya iske injinan Jebba, su ma ya juya su, sannan ya wuce Lokoja inda yake haɗuwa da Binuwai. Tun da ba a ƙona shi ba, ba a kuma rage shi ba, me aka karɓa daga gare shi har aka sami wutar da take haska birane? Tsayinsa aka karɓa. Ruwan ya shiga yana bisa, ya fita yana ƙasa, kuma ƙarfin faɗowar nauyinsa tsakanin wuraren biyu shi ne aka mayar lantarki. Duk sauran abubuwan da ido yake gani a tasha, da madatsa da bututu da injuna da wayoyi, hanyoyi ne na tattara wannan ƙarfi ba tare da an zubar da shi a banza ba.

Aikin da ake yi a Kainji, wadda aka kammala a 1968, daga baya kuma injinanta suka kai takwas masu ƙarfin megawat 760 a jimlace, shi ne dai ake yi a ƙaramar tashar ƙauye mai ba gidaje talatin wuta. Saboda haka za mu ɗauki misalin rafi guda, irin waɗanda suke gangarowa daga duwatsun Jos, ko na Kagoro a kudancin Kaduna, ko tsaunin Mambila a Taraba, mu bi shi mataki-mataki, muna leƙa manyan tashoshi a duk inda za su ƙara mana haske. Wannan ba baƙon aiki ba ne a yankin, domin tun a 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga magangarar ruwan Kurra saboda masu haƙar kuza na ƙasar Jos.

Mataki na farko: auna tsayin gangarar

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a nemo wuri biyu a kan rafin: inda za a ɗebi ruwa a sama, da inda za a ajiye injin a ƙasa. Abin da ake nema shi ne tazarar tsaye da ke tsakaninsu, kamar an zura igiya a rijiya, ba tsawon hanyar da mutum zai taka da ƙafa ba. Rafi zai iya yin tafiyar mita 200 a kan tudu, amma saukar da ya yi a tsaye ba ta wuce mita 30 ba, kuma wannan 30 ɗin ce take shiga lissafi.

Hanya mafi sauƙi ita ce irin wadda magina suke bi wajen daidaita harsashin gini. A sami tiyo mai garai-garai a cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe baki guda a sama, ɗayan ya sauka gangaren da ɗaya bakin tare da sanda mai awo. Ruwa a baki biyun yakan tsaya a daidai wa daida, don haka sai a karanta tazarar da ke tsakanin ruwan da ƙasa a kan sandar, a rubuta, a matsa gaba, a yi ta maimaitawa har a kai wurin injin, sannan a tara duka. Wanda yake da dogon tiyo da agogon auna matsi zai fi saurin gamawa, domin kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana nuna kusan "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsi, a fuskar agogon. Kada a dogara da tsayin da wayar hannu take nunawa, domin kuskurenta yakan kai mitoci da yawa, kuma a ƙaramin aiki wannan kuskure ya isa ya lalata lissafi gaba ɗaya. A yi awon sau biyu ko uku a ga ko sakamakon ya zo ɗaya.

Mataki na biyu: auna yawan ruwan

A nan ne ayyuka da yawa suke rushewa tun kafin a fara su, domin mutane sukan je kallon rafi a watan Agusta, lokacin da yake ruri yana jan itatuwa, su gina burinsu a kan abin da suka gani. Ruwan da za a yi lissafi da shi shi ne na ƙarshen rani, a watan Maris ko Afrilu, lokacin da rafin ya fi ƙanƙancewa. A kuma zauna da dattawan wurin da masu noman rani a tambaye su yadda rafin yake yi a shekarun fari, domin awon shekara guda ba zai faɗi abin da suka gani a shekara arba'in ba.

Idan rafin ƙarami ne, a tare shi da buhunan yashi na ɗan lokaci, a tilasta wa ruwan duka ya bi ta bututu guda, a tara durom mai cin lita 200, a duba sakan nawa ya ɗauka kafin ya cika. Idan ya cika cikin sakan 8, rafin yana ba da lita 25 ke nan a kowane sakan. Idan kuwa ya fi ƙarfin durom, a nemi wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 10, a auna faɗinsa da matsakaicin zurfinsa, a jefa lemo ko gorar roba mai rabin ruwa a ga lokacin da za ta ɗauka ta ratsa wurin. A ninka faɗi da zurfi da saurin gorar, sannan a rage sakamakon, domin ruwan da ke saman rafin ya fi na ƙasa gudu: a riƙe kashi 80 cikin 100 idan ƙasan rafin sumul yake, a riƙe kamar kashi 60 idan duwatsu ne.

Ba a kwashe ruwan rafi duka. Tsakanin inda aka ɗeba da inda za a mayar akwai masu shayar da dabbobi, da mata masu wanki, da masu lambu, da kifi, kuma haƙƙinsu ya riga na injin. A misalinmu za mu ɗauki lita 20 mu bar 5.

Manyan tashoshi ma da wannan matsala ta damina da rani suke fama, kuma ita ce dalilin gina madatsa, wadda rumbu ce ta ruwa. Kainji ta yi dace da abin da Shiroro ba ta samu ba, domin ambaliya biyu take karɓa a shekara. Ta farko ita ce ta ruwan daminar yankin, mai ɗauke da laka har launinsa ya yi fari-fari, ta biyu kuma ita ce wadda take tasowa daga tsaunukan Gini, ta daɗe tana ratsa fadamun Mali inda take sauke lakarta, ta iso Nijeriya a tsakiyar hunturu da ruwa garau. Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 a kan kogin Kaduna, damina ɗaya take jira, shi ya sa wutarta takan ja baya idan rani ya yi nisa.

Mataki na uku: yi lissafin wutar da za a samu

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma idan lita ɗaya tana faɗowa daga tsayin mita ɗaya a kowane sakan, ƙarfinta wat 9.81 ne. Lissafin ke nan duka: lita a sakan, a ninka da mitocin tsayi, a ninka da 9.81. A misalinmu, 20 sau 30 sau 9.81 ya ba da wat 5,886. Sai dai ba duka ne zai isa gidaje ba, domin bututu zai ci nasa, injin ya ci nasa, janareta da wayoyi su ci nasu. Manyan injuna na zamani sukan kama fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ruwan da ya shige su, amma a ƙaramin aikin ƙauye abin da ya fi aminci shi ne a sa rai da rabi. Don haka masu wannan sana'a sukan taƙaita lissafin su ninka da 5 kawai, wanda a nan zai ba da wat 3,000, wato kilowat 3.

Kilowat 3 tana iya zama kamar ba ta taka kara ta karya ba, amma ruwa ba ya kwana, kuma a awa 24 hakan ya tashi yunit 72 na wuta, abin da ƙaramin janareta zai sha fiye da lita 20 ta dizal kafin ya samar. Ya isa a ba gidaje talatin wat 100 kowanne da dare, don ƙwayaye da cajin waya da rediyo da ƙaramar fanka, da rana kuma a juya shi ga injin niƙa ko firjin asibitin ƙauye.

Lissafin yana nuna cewa tsayi da yawan ruwa suna iya maye gurbin juna. Lita 10 da ta faɗo daga mita 60 daidai take da lita 600 da ta faɗo daga mita ɗaya, amma ta farkon tana buƙatar siririn bututu da injin da mutum biyu za su ɗauka, ta biyun kuwa tana buƙatar babbar hanyar ruwa ta siminti da ƙaton inji. Tsayi ya fi arha a koyaushe, kuma wannan ne ya sa nake ganin ya dace a faɗa wa mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa gaskiya. A yawancin ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, inda gangara ta yi ƙaranci kuma gulabe da yawa suke ƙafewa da rani, farantin hasken rana ya fi dacewa, sai fa a jikin madatsun ban-ruwa da aka riga aka gina, irin su Tiga da Challawa da Goronyo da Bakolori, inda tsayin yana nan kuma ana sakin ruwan ko ta yaya. Akwai injuna da ake tsomawa cikin kogi su juya da gudun ruwa kaɗai ba tare da gangara ba, amma farfela mai faɗin murabba'in mita ɗaya a ruwan da yake gudun mita ɗaya a sakan da ƙyar take ba da wat 150.

Mataki na huɗu: kama ruwan, tace shi, kai shi ga injin

A wurin ɗiba ana gina ɗan gajeren shinge na dutse da siminti, wanda aikinsa ya ɗan ɗaga ruwa ya karkata shi zuwa gefe, ambaliya kuma ta haye ta kansa ta wuce. Daga nan ruwan ya shiga kwami mai faɗi da zurfi inda gudunsa zai ragu har yashi ya kwanta, kuma a yi wa kwamin ƙofa a ƙasa don wanke shi. Yashin da ya tsere zuwa injin yana cin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa yake cin wuƙa. A bakin bututu a sa ragar ƙarfe da za ta tare ganye da itace da leda, a kuma tabbatar bakin yana nutse sosai don kada ya zuƙi iska.

Bututun gangara shi ne sau da yawa abu mafi tsada a aikin, kuma a kansa ne ake jarabtuwa da yin tsumulmula. Ruwa yana gogar jikin bututu yana rasa ƙarfi, kuma wannan asara tana hauhawa da sauri ƙwarai idan bututun ya matse. A misalinmu, idan aka tura lita 20 a sakan cikin bututun roba mai faɗin inci 4 da tsawon mita 200, za a rasa kimanin mita 10 daga cikin mita 30 ɗin, wato kashi ɗaya bisa uku na wutar ya tafi tun ruwan bai ga injin ba. Idan aka sa mai inci 6, asarar ba za ta kai mita 2 ba. Kuɗin babban bututu sau ɗaya ake biyansa, asarar ƙaramin kuwa kullum ake yinta. A nemi bututun da aka ƙera don jure matsi, ba na magudanar ban-ɗaki ba, a binne na roba saboda rana da kofaton shanu da wutar daji, a kuma danne shi da siminti a kowace kwana.

Akwai haɗari guda da ya wajaba duk mai kula da tasha ya sani. Ruwan da ke cikin wannan bututu mai inci 6 ya haura tan uku, kuma idan aka rufe bawul farat ɗaya, wannan nauyi mai gudu zai daki ƙarshen bututun da matsin da zai iya fasa shi. Saboda haka a sa bawul irin wanda ake murɗawa sau da yawa kafin ya rufe, a kuma koya wa kowa ya rufe shi a hankali.

Mataki na biyar: zaɓi injin da ya dace da wurin

Injin da ruwa yake juyawa, wanda injiniyoyi suke kira tarbayin, farfela ce mai fukafukai a kan sandar ƙarfe. Ruwa yana tura fukafukan ne saboda suna tilasta masa ya sauya alkibla, kuma gwanintar maƙerin ita ce ruwan ya shiga ba tare da karo ba, ya fita kuma ba shi da sauran gudu. Iri-iri ne, kuma tsayi da yawan ruwan da aka auna su ne suke yanke hukuncin wanda za a ɗauka.

Inda tsayi yake da yawa ruwa kuma kaɗan, ana amfani da samfurin Pelton, wanda Lester Pelton ya yi wa rajista a Amurka a 1880. Ƙarshen bututun yana tsukewa ya zama bakin feshi, ruwan ya fito da gudu ya daki wasu kofuna da aka jera a gefen faifai. Kowane kofi kamar ludayi biyu ne da aka manne da kaifi a tsakaninsu, kaifin ya raba ruwan biyu, kowane rabi ya zagaya cikin ludayinsa ya juyo baya. Wannan juyowar ita ce sirrin abin, domin ruwan da aka mayar da shi baya yana ba da turi kusan ninki biyu na wanda ya daki allo ya watse. Ana samun ƙarfi mafi yawa idan kofunan suna gudu da ɗan ƙasa da rabin saurin feshin, domin a lokacin ne ruwan yake barin kofi ya faɗi ƙasa a mace. A misalinmu, tsayin da ya rage na mita 28 zai ba da feshi mai gudun mita 23 a sakan, kofunan su yi kusan mita 10 da rabi, kuma faifai mai faɗin santimita 27 zai juya kusan sau 750 a minti. Da yake lita 20 ta yi wa bakin feshi ɗaya yawa a kan faifai mai wannan girma, sai a raba ta baki biyu, abin da zai ba da damar rufe ɗaya idan ruwa ya ja baya da rani.

Inda tsayi yake matsakaici ana amfani da samfurin Francis, wanda James Francis ya inganta a garin Lowell na Amurka a 1849. Wannan a nutse yake cikin ruwa baki ɗaya. Ruwa yana zagaye shi ta cikin wani gida mai siffar dodon koɗi, ya kutsa ta tsakanin wasu ƙofofi masu motsi, ya shiga farfelar ta gefe, ya fita ta ƙasa. Shi ne ya fi yawa a manyan tashoshin duniya: irinsa ne guda huɗu masu megawat 150 kowanne a Shiroro, da guda shida a Akosombo ta Gana, da kuma guda 32 masu megawat 700 a babbar madatsar kogin Yangtze ta Sin.

Inda ruwa yake da yawa tsayi kuma kaɗan, ana amfani da farfela irin ta jirgin ruwa, wadda Viktor Kaplan na Ostiriya ya ƙirƙiro mai fukafukai masu karkatawa a 1913, domin a riƙa daidaita su da yawan ruwan da ake da shi. Dangin wannan farfela ne suke aiki a Kainji da Jebba, inda kogin yake da girma amma ƙasar ba ta da tsananin gangara.

Ga aikin ƙauye kuwa, wanda na fi ba da shawara a duba shi ne samfurin da ruwa yake ratsawa sau biyu, mai siffar ganga kwance da aka jera wa lanƙwasassun fukafukai. Ruwa yana shiga ta gefe guda, ya ratsa cikin gangar, ya sake dukan fukafukan ɗaya gefen kafin ya fita. Bai kai sauran kama ƙarfi ba, amma ƙwararren mai walda zai iya ƙera fukafukansa daga yankakken bututun ƙarfe, yana jure canjin yawan ruwa, kuma ruwan da yake fita yana wanke ganyen da ya maƙale. Injin da za a iya gyarawa a garin da ke kusa ya fi wanda zai tsaya wata shida yana jiran kaya daga ƙasar waje.

Mataki na shida: mayar da juyi ya zama lantarki

Har zuwa nan ba a sami wuta ba tukuna, sanda ce kawai take juyawa. Abin da yake mayar da juyinta lantarki shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, cewa idan maganaɗisu ya gitta kusa da wayar jan ƙarfe, lantarki yakan motsa a cikin wayar. Janareta gida ne da aka naɗe cikinsa da wayoyin jan ƙarfe, a tsakiyarsa kuma maganaɗisu yana juyawa a kan sanda. Kowane maganaɗisu yana da kai biyu masu saɓani, kuma idan kai ɗaya ya wuce waya yakan tura lantarki gaba, ɗayan kuma ya ja shi baya. Wannan kai-da-komo shi ne irin wutar da take zuwa gidajenmu, kuma a Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru tana yin sa sau 50 a kowane sakan.

Wannan adadi na 50 shi ne yake ƙayyade saurin janareta. Mai kawunan maganaɗisu huɗu dole ya juya sau 1,500 a minti, mai kawuna biyu sau 3,000, babban janareta mai kawuna 40 kuwa sau 150 ya ishe shi, shi ya sa injinan manyan madatsu suke da faɗi sosai suna kuma juyawa a natse. A misalinmu farfelar tana yin 750, janareta yana son 1,500, don haka sai a haɗa su da bel, faifan da ke jikin farfelar ya ninka na janareta faɗi. A sayi janareta mai ƙarfin da ya ɗara abin da ake sa ran samu, kamar mai kilowat 5 don aikin kilowat 3, domin dare da rana zai yi ta aiki.

Idan aka kunna kaya a gida, lantarkin da yake gudana a wayoyin janareta yana haifar da nasa maganaɗisun da yake turjiya ga juyin, sai sandar ta yi nauyi. Ta haka ne dutsen gugar da aka jona a ƙauye yake jan ƙarfinsa kai tsaye daga nauyin ruwan da ke cikin bututu.

Mataki na bakwai: riƙe gudun injin

Daga wannan turjiya wata matsala take tasowa. Idan kaya suka yi yawa injin zai sassauta, wuta ta yi ƙasa. Idan aka kashe kaya gaba ɗaya alhali ruwa yana shigowa, injin zai zabura har ya kusan ninka gudunsa, ya ƙona ƙwayaye da talabijin, wani lokaci ya lalata janareta. Manyan tashoshi suna da na'urar da take lura da gudun tana buɗe ƙofofin ruwa ko tsuke su. A ƙaramar tasha an fi bin wata dabara mai sauƙi: a bar ruwa yana shiga yadda yake, a sa akwatin lantarki da zai riƙa karkatar da duk wutar da gidaje ba su ja ba zuwa wata hita da ke cikin tankin ruwa. Idan gidaje suna jan kilowat 2 hitar ta ɗauki 1, idan suka kashe komai ta ɗauki 3, ta yadda nauyin da ke kan janareta ba ya canzawa. Wannan akwati ba abin da za a jinkirta saye ba ne, kuma ruwan zafin da yake samarwa yana da amfani ga asibiti ko makarantar kwana.

Mataki na takwas: kai wutar ga jama'a

Waya ma tana cin wuta kamar yadda bututu yake cin ruwa, kuma maganin hakan shi ne ɗaga ƙarfin turin da taransifoma. Wutar Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000 don doguwar tafiya, a sauke ta zuwa 132,000, sannan 33,000 da 11,000, har ta iso gida a kan 230. Ta irin wannan hanya ce layin da ya bi ta Birnin Kebbi yake kai wuta Yamai. A ƙauye, idan gidajen ba su wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga injin ba, waya mai kauri ta wadatar, amma idan tazarar ta kai kilomita ɗaya ko fiye, a nemi ƙwararre ya duba ko za a sa taransifoma a kowane ƙarshe. Dole a binne sandar ƙarfe ta kariya a haɗa jikin injin da ita, a sa abin kare tsawa, a kuma sa wa kowane gida abin yanke wuta daidai da rabonsa, don kada mutum ɗaya ya jona rishon lantarki ya jefa kowa cikin duhu.

Kafin a fara gini a sami yardar mai gari da masu gonakin da bututu zai ratsa a rubuce, a tuntuɓi hukumar raya kogunan yankin game da ɗibar ruwa, a kuma nemi ƙa'idojin hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki a Nijeriya, ko na hukumar lantarki ta jiha game da ƙananan tashoshi masu sayar wa jama'a wuta. A kuma tsayar tun farko nawa kowane gida zai riƙa biya a wata da wanda zai riƙe asusun gyara.

Mataki na tara: kula da tashar

A kowace rana a share ragar bakin bututu, sau biyu ko fiye a lokacin da ganye yake zuba da farkon damina. A duba agogon matsi da ke kusa da injin, domin idan ya sauka alhali ba a ƙara buɗe bawul ba, to raga ta toshe ko bututu yana yoyo ko iska ta shiga. A ɗora hannu a gidan boris a ji zafinsa, a sa giris daidai yadda maƙerin ya ce, a duba tsaurin bel, a wanke kwamin yashi bayan kowane babban ruwa. A injinan da suke nutse cikin ruwa, idan aka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, alama ce ta cewa matsi ya faɗi a bayan fukafukai har ruwa yana yin ƙananan kumfa masu fashewa a jikin ƙarfe suna ƙwaƙule shi, kuma galibi hakan yana nufin an ɗora injin sama da yadda ya kamata daga ruwan da yake fita.

Girgiza ita ce alamar da ba a yi mata jinkiri. A ranar 17 ga Agusta 2009, a tashar Sayano-Shushenskaya ta Rasha, wani inji da ya daɗe yana girgiza fiye da kima ya tsinke kusoshin murfinsa ya yi sama, ruwa ya cika ɗakin injuna, mutum 75 suka rasu. A ƙaramar tasha ma, idan aka ji sabuwar girgiza ko sautin da ba a saba ji ba, a rufe bawul a hankali, a jira injin ya tsaya cak, a bi kusoshi da boris da fukafukai ɗaya bayan ɗaya kafin a sake sakin ruwa. A ajiye littafi a ɗakin injin da za a riƙa rubuta matsi da ƙarfin wuta da duk gyaran da aka yi tare da kwanan wata, a kuma tanadi bel guda da boris biyu da bakin feshi na sauyi a cikin akwati mai makulli.